Sunan da na raɗa wa katin kwamfuta

A shekarun da wayar salula ta fara yawa a hannun mutanen Minna, ina aiki a wata ƙaramar makarantar koyon kwamfuta da ke saman wani bene a kan hanyar Bosso. Ni ne mai gyara. Kwamfutoci goma sha biyu muke da su, duk tokumbo, waɗanda wani ofis a Turai ya gama tatsa ya zubar, maigidanmu ya kwaso su daga Legas yana ta murna. In ka kunna ɗaya kana iya sauka ƙasa ka sayi ƙosai ka dawo ba ta gama farkawa ba. Ni kuwa a lokacin shekarata ashirin da shida, ban daɗe da gama karatu ba, kaina ya kumbura. Gani nake daga Minna har Bida, garin iyayena, babu wanda ya san cikin kwamfuta kamar ni.

Mai koyar da buga rubutu wata dattijuwa ce daga kudancin Kaduna, kowa Mama yake ce mata. Ta daɗe tana buga takardu a ofishin gwamnati kafin ta yi ritaya ta zo wurinmu. Shan inna ta taɓa ta tun tana ƙarama, ƙafarta ta dama tana cikin ƙarfe daga gwiwa zuwa diddige. Kullum daga Kpakungu take hawo kabu-kabu, sannan ta hau matakalar benen nan ita kaɗai, ba ta yarda kowa ya riƙe mata hannu. Tun tana ƙasa muke jin zuwanta: taku ɗaya mai sauri, sai ja, sai ƙarfe ya bugi siminti. Ɗalibai na jin haka kowa zai gyara zama, don Mama ba ta wasa. Ka kuskura ka kalli madannai kana bugawa, sai dai ka ji rula a bayan hannunka.

Daga wannan sautin aka samo mata suna. Kalma ce mai gaɓa uku da ke kwaikwayon takunta, duk wanda ya taɓa jin tana hawa benen zai gane da jin farko. Ba zan rubuta ta a nan ba. Ɗalibai suka fara, mu ma'aikata muka ɗauka, ana faɗa a bayan idonta ana dariya ƙasa-ƙasa. Ni ma ina faɗa, kuma nawa ya fi na kowa muni, domin ni kaɗai take ce wa "ɗana". Lokacin da taifod ta kwantar da ni, ita ce ta yi ta tambaya har ta gano ɗakina, ta zo da kunu a fulas, ta zauna tana yi mini faɗa a kan shan ruwan da ban san asalinsa ba. In azumi ya zo, ita da ba namu take yi ba, takan kore ɗalibai daga kaina bayan la'asar, ta ce su bar yaron ya huta.

Wata rana maigida ya ce yana son a haɗa kwamfutocin duka da waya, su riƙa amfani da firinta ɗaya. A cikin kowace akwai katin sadarwa, ɗan allo kore da ake cusa wayar a bayansa. Mu kuwa tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta muke amfani da shi, irin wanda mutane daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa ta intanet su gina, don shi kaɗai ne yake iya jan waɗannan tsofaffin. Na haɗa wayoyi, na kunna, babu katin da ya motsa ko ɗaya.

Ga yadda abin yake. Kowane kati yana da lamba biyu a cikinsa, ta kamfanin da ya ƙera shi da ta samfurinsa. In kwamfuta ta tashi, zuciyar tsarin, wadda muke kira kanel, tana tambayar kowane kati lambarsa. A cikin kanel akwai ƙananan manhajoji da ake kira direba, kowane da jerin lambobin da ya sani. In lambar katinka ba ta cikin jerin kowa, to kamar baƙon da sunansa ba ya takardar maigadi ne, zai yi ta tsayuwa a waje ko da gidan ubansa ne. Lambar katunanmu ba ta cikin jerin kowa. Na zaro ɗaya na duba gaba da baya, babu sunan kamfani, rubutun da ke kan wani ɗan guntu baƙi a tsakiyarsa ma ya goge.

Sati uku na yi a kan katin nan. In an ɗauke wuta in zauna da takarda, in an kawo in koma. A ƙarshe na gano cewa ɗan gida ɗaya ne da wasu katunan da wani tsohon direba ya sani, sai dai yana da hali nasa: in ka ba shi umarni biyu a jere yakan sarƙe. Dole ka ba shi na farko, ka ɗan jira, sannan na biyu. Na saka lambarsa a jerin, na saka jiran, na kunna. Fitilar bayansa ta kama ƙyaftawa. Na yi ihun da sai da mai shagon ƙasa ya leƙo.

Masu wannan aikin suna da ƙa'ida: ba a barin lamba tsirara a cikin direba. Ana raɗa mata suna da manyan baƙaƙe, sunan kamfani sannan sunan samfuri, don wanda zai karanta bayan shekaru ya san me ake nufi. Ni ba ni da ko ɗaya. Abokin aikina mai koyar da zane yana tsaye a kaina, na nuna masa yadda fitilar take yi, ƙyaf, sai jira, sai ƙyaf. Ya ce, "Kai, wannan ai tafiyar Mama ce." Muka fashe da dariya. Nan take na buga sunan nan da manyan baƙaƙe a gurbin sunan samfuri, na ce na wucin gadi ne, zan canza. Mama tana ɗakin gaba a lokacin, ina jin muryarta tana ƙirga wa ɗalibai layi.

Ban canza ba. Na kwashi gyaran a faifai na tafi kafe, shagon intanet, na aika wa mutumin da ke kula da wannan direban, wani dattijon Bature da ban taɓa gani ba, mai son tsofaffin katuna, aikin sa kai yake yi. Ina sane da sunan yana ciki. Na gan shi kafin in danna, na ji wani ɗan daɗi na shaƙiyanci, wai ga barkwancinmu na Minna zai shiga duniya ba wanda ya sani. Bayan kwana biyu ya amso. Ya yaba aikin, sannan ya yi tambaya ɗaya: wannan sunan, a jikin katin yake rubuce? Nan ne Allah ya ba ni ƙofa a buɗe, na ƙi bi. Na rubuta masa cewa babu komai a jikin katin, amma haka ake kiransa a kasuwarmu. Ya ce to madalla, ya karɓa.

Watanni suka wuce har na kusa mantawa. Sai wani ya zo mana daga Abuja da faifan sabuwar fitowar tsarin. Na ɗora a kwamfutocin, katunan suka tashi da kansu ba tare da na taɓa komai ba. Gyarana ya shiga. Amma dattijon ya ƙara abu ɗaya da ban yi tsammani ba, bisa al'adarsu: ya sa direban ya riƙa rubuta sunan katin da ya samu a fuskar kwamfuta yayin da take tashi. A sababbin kwamfutoci irin wannan layin wucewa yake kafin ka ƙyafta ido. A namu kuwa sai ya tsaya, fari a kan baƙi, ya yi zamansa. Amma na lallashi kaina da cewa wa yake karanta waɗannan layukan.

Kuma bakina bai iya shiru ba. Na riga na gaya wa maigida cewa aikina ya shiga tsarin da duniya ke amfani da shi. Shi ba mazauni ba ne a makarantar, bai san sunan ba. Ya yi ta sa albarka, ya ce a buga takardar a manna a allon sanarwa, iyaye su gani su san makarantarsa ba ta wasa ba ce. Na buga da hannuna. Sunana cikakke a sama, sunan katin a tsakiyar Turanci da alamomi. Na ce a raina zai ɓace a cikinsu. Kafin azahar ɗalibai sun gano shi. Ina daga ɗakin gyara ina jin suna turereniya a gaban allon, wani ya karanta a hankali, saura su toshe baki.

Maigida yana da wata doka tun da aka taɓa zare wa wata kwamfuta kayan ciki. Kowace sai an manna mata kwali a gefe, an jera duk abin da ke cikinta da sunansa, in an canza wani abu a sake sabon kwali. Firintarmu ba ta jan kwali, don haka Mama ce take bugawa a tsohon keken rubutunta da ta zo da shi daga gida. Da yake an ɗora sabon tsari, ya ce a sabunta duka.

Washegari bayan an tashi ɗaliban safe ta kira ni. Ta ajiye kwalaye goma sha biyu a gefenta, ta saka na farko a keken, ta gyara tabarau.

"Ɗana, karanta mini, ina bugawa."

Na fara karantowa. Na faɗi ma'ajiyar bayanai da girmanta, ta buga. Na faɗi abin karanta faifai, ta buga. Da na zo kan katin sadarwa na ce, "Wannan ki sa kati kawai, Mama, ba shi da suna."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yana da suna. Na gani a fuskan kwamfuta na da safe. Na gani a takardan ka a allo kuma."

Na ce ai ba sai an sa ba.

"Oga ya ce kowane abu da sunan shi. Ni ban taɓa buga takarda da rami a ciki ba. Faɗa mini harafi harafi, kada in yi kuskure."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na tsaya a gefen teburinta, na buɗe baki, na faɗi harafin farko. Ta buga. Na faɗi na biyu. Haka har ƙarshe, ni ina faɗa, ƙarfen keken yana dukan kwali. Ta zare shi, ta ɗaga ta duba kamar yadda take duba aikin ɗalibi, ta ajiye, ta saka na biyu. Na ce na ga ta riƙe, zan iya tafiya. Ta ce in tsaya, a ofis ba a buga abu daga ka. Sau goma sha biyu na faɗi sunan nan harafi harafi a gabanta. Da ta gama ta haɗa kwalayen ta daidaita bakinsu a kan tebur ta miƙo mini.

"Ga shi, Injiniya. Ka manna."

Tun daga ranar ban sake jin "ɗana" a bakinta ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kai ƙara ba, gaisuwa ma ba ta fasa ba. Injiniya ina kwana, Injiniya kwamfuta ta huɗu ba ta tashi. Na cire takardar daga allo. Na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya na toshe layin da hannu. Da na kai hannu zan ɓare kwalayen ta hango ni daga ƙofa ta ce in bar su, aikinta ne, kuma babu kuskure a ciki. Abokina mai zane ya ce ina ɗaukar abin da zafi, ai wasa ne, za ta manta. Na ji kamar in mare shi, sai na tuna shi baki kawai ya yi, yatsun nawa ne.

Na koma kafe na rubuta wa dattijon gaskiya. Na gaya masa babu wata kasuwa da ake kiran katin haka, sunan ba'a ne da muke yi wa wata mata mai lalurar ƙafa, wadda ta riƙe ni kamar ɗanta. Rubuta wannan da Turanci ga mutumin da ban sani ba ya fi mini sauƙi a kan in taka ɗakin gaba in faɗa da Hausa, wannan ma abin kunya ne na daban. Amsarsa gajeriya ce. Ya ce ransa bai yi daɗi ba. Ya ce zai canza sunan zuwa lambar katin kawai a fitowa ta gaba. Amma ya ce in sani, a aikinsu ba a share tarihi: kowane gyara ana ajiye shi yadda ya shigo, da sunan wanda ya kawo shi, kuma kwafin tarihin yana hannun mutane ko'ina a duniya. Ya ce in gaishe ta in ba ta haƙuri a madadinsa, tun da shi ya sa layin ya fito fili. Ban da wannan, ni da kaina na riga na kwafa wa wasu makarantu faifan, har Paiko da Beji, ina tutiya.

Na riƙe saƙon nan kusan wata guda ban isar ba. A cikin watan na lura da wani abu. Mun daina jin zuwan Mama. In na iso da safe sai in tarar tana zaune a kujerarta, ta riga kowa. In an tashi sai ta yi ta shirya takardu har kowa ya sauka. A cikin aji ma ta daina zagayawa tsakanin layuka da rula, daga zaune take koyarwa, ɗalibai suna ta kallon madannai abinsu. Wata rana na sunkuya a ƙarƙashin teburinta ina gyara waya, sai na ga ƙasan ƙarfen ƙafarta. Ta yanko robar cikin tayar babur ta nannaɗe shi da ita, ta ɗaure tamau. Matar da ta yi shekara hamsin tana taka ƙasa da ƙarfinta, kowa ya ji ya gyara zama. Na daɗe a ƙarƙashin teburin nan bayan na gama da wayar.

Ranar Lahadi da la'asar na hau kabu-kabu zuwa Kpakungu. Ban san gidan ba, sai da na yi ta kwatance a lunguna, ina tsallake kwata, kowa na tambaya sai ya ce au, Mama mai taifin, ya nuna gaba. Na same ta a tsakar gidan haya, ta dawo daga coci ba ta cire ɗankwalin ba, tana tsince shinkafa a faranti. Ta sa aka kawo mini kujera, na ƙi, na durƙusa a ƙasa. Na faɗi duk abin da na yi tun daga ƙyaftawar fitila har ƙaryar kasuwa. Ban rage komai ba, don na gaji da ragewa.

Ta saurara tana tsintar shinkafarta. Da na gama ta ce, "Wannan suna, ka ɗauka ban san shi ba? Tun satin da na fara aiki a wurin na ji shi. Kafin shi akwai wasu, tun ina firamare. Yara ne, suna faɗa, suna gama makaranta, suna tafiya. Ban taɓa sa shi a rai na ba." Ta ture wani ɗan dutse gefen faranti. "Amma ba wanda ya taɓa rubuta shi sai kai."

Na ce ta yafe mini don Allah.

"Na yafe. Tun ranan na yafe, in ban yafe ba yaya zan shiga coci? Tashi ka zauna a kujera, mutane suna kallo."

Na tashi na zauna. Na isar mata da saƙon dattijon, gaisuwarsa da haƙurin da ya bayar. Ta ɗan yi murmushi ta ce, "Shi da bai san ni ba." Sai ta ajiye farantin a cinyarta, ta cire tabarau, ta dube ni sosai, karo na farko tun ranar kwalaye.

"To yanzu an goge?"

Na ce a kwamfutocinmu na toshe shi, kuma a sabuwar fitowa za a canza.

"Ba wannan na tambaya ba, Injiniya. A can inda ka aika. An goge?"

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, mai sauƙi, wadda ba za ta taɓa ganowa ba. Na haɗiye ta. Na ce, "A'a, Mama. A can ba a gogewa."

"Ko na mutu yana nan ke nan."

"E, Mama."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta mayar da tabarau, ta jawo farantin, ta ci gaba da tsintar shinkafa. Na zauna har aka kira magariba a masallacin bayan gidan. Da na miƙe na yi mata sallama ta ce in gaida gida. Ba ta taso ta raka ni ƙofa ba, sai da ta ga na juya baya na fita tukuna ta miƙe, don kada in ga takunta.